Ranar da Na Sauya Manhajar Buɗe Hoto

Shagona na buga takardu yana cikin wani layin shaguna ne a Farin Gada, cikin garin Jos, bayan inda manyan motoci ke sauke tumatir da kabeji. Na kama shi bayan na bar koyarwa a wata makarantar kuɗi, na zuba kwamfuta ɗaya, da firinta, da injin fotokofi na hannu wanda sai an mare shi a gefe yake jan takarda. Yawancin masu zuwa ɗalibai ne, sai 'yan kasuwa masu neman hoton fasfo ko katin biki. Da damina kwatar da ke gabanmu takan toshe da ruɓaɓɓen tumatir da ganyen kabeji, ƙudaje su taso har kan gilashin injin. Duk wannan na saba da shi tun a watannin farko. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne filashar mutane, ɗan abin nan da ake ajiye aiki a ciki a soka wa kwamfuta.

Ɗalibi zai ciro ta daga aljihun wando da dauɗa a bakinta. Wata za ta riƙe tata da haƙora tana laluben jaka, sannan ta miƙo mini ita a jiƙe da yawu. Wannan ƙazantar waje ce, ana gogewa da tsumma. Ta ciki ta fi muni. Kusan kowace filasha da bairos take zuwa, kuma kwamfutata ta zama matattara, ta karɓa daga wannan ta shafa wa wancan. Wata rana wata ɗalibar ajin ƙarshe ta sa tata, aikinta na kammala karatu ya ɓace a gabanmu, aka bar wasu alamomi da ba komai a cikinsu. Ta zauna daɓas a kan siminti tana kuka, mutane suka taru a ƙofa suna kallona kamar ni na haɗiye aikin.

Maƙwabcina na hannun dama Ibo ne, mai gyaran kwamfuta. Oga muke ce masa, matarsa kuma Madam, ita ke sayar da caja da katin waya a gaban shagon. Dukansu a Jos aka haife su, Hausarsu irin ta garin ce, ba ruwansu da mace ko namiji, kowa "ka" ne. Shi ya ceto wa yarinyar rabin aikinta. Da ta tafi ya tsaya a bakin ƙofata yana goge hannu.

"Malama, wannan kwamfuta naka ba shi da ƙofa," ya ce. "Kowa ya zo ya shiga har ciki. Ka bari in sa maka wani siston."

Na tambaye shi mene ne bambancinsa da wanda nake da shi. Ya ce an gina shi ne don tsaro, kuma a cikinsa kowane abu da ɗakinsa. Idan na sa filashar wani, a wani ɗaki na daban za ta buɗe, mai jan layi a gefensa, ba ta ganin sauran abin da ke cikin kwamfutar. Da na rufe ɗakin, shi da duk abin da ya shiga cikinsa sun tafi ke nan, sai a buɗe sabo fil ga mai zuwa na gaba. Na ce ya sa.

Bairos kam ya ƙare tun daga ranar. Amma wani takaicin ya maye gurbinsa. Manhajojin da tsarin ya zo da su, wato waɗanda ke buɗe abu da kansu idan ka danna shi, ban taɓa ganin munana irinsu ba. Launinsu kamar ruwan wanke-wanke. Mai buɗe rubutu tana wargaza wa ɗalibai shafukansu, kan magana ya gangaro tsakiyar takarda, lambar shafi ta hau kan rubutu. Mai shiga intanet tana tafiya kamar mai ciwon ƙafa, kuma kowane shafi sai ta tsaya ta tambaye ni ko na yarda. Wadda ta fi ƙona mini rai ita ce mai buɗe hoto. Hoto ɗaya take nunawa a lokaci guda. Idan na buɗe folda ba na ganin komai sai jerin lambobi, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya ina dannawa, mai hoton yana tsaye a kaina yana cewa ba wannan ba, wuce, ba wannan ba, ga layi ya kai waje.

Na gwada gyarawa da kaina. Na samo wata manhajar na sa, na ce ita za ta riƙa buɗe hotuna, ta yi aiki lafiya. Da na rufe ɗakin na buɗe sabo, sai ga tsohuwar ta dawo da fuskarta mai ruwan toka, kamar ban taɓa komai ba. Na sake, ta sake dawowa. Na buga tebur har maus ya faɗi ƙasa, na je na sami Oga na ce ya zo ya kwashe kayansa ya mayar mini da bairos ɗina.

Ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. Ya ce ai a ɗakin da za a zubar nake ta gyarana. Akwai wani na asali wanda daga shi ake kwafo kowane sabon ɗaki, kamar yadda tela ke ajiye ma'auni yana yanka a kansa, can ne ake sauya abu ya zauna. Wata Asabar da ruwa ya tsare kowa, ƙanƙara tana ta buga kwanon rufi, ya jawo kujera ya zauna a gefena. Bai taɓa maus ba, baki kawai ya sa mini. Na buɗe ɗakin asalin, na sauko da manhajar rubutu mai mutunta shafin mutane. Na danna dama a kan wani fayil, na zaɓi abin da zai buɗe shi, na sa alamar cewa kullum ita ce. Haka na yi wa takardun da ake aikowa a kulle, waɗanda ba a iya sauya rubutunsu. Mai shiga intanet ya ce in bar ta yadda take, tambayoyin nan da ke damuna su ne aikinta. Na yi tsaki na bar ta. Sannan muka zo kan hoto.

Wadda na zaɓa tana shimfiɗa duk hotunan da ke cikin filasha ko katin memori a fuskar kwamfuta lokaci guda, ƙanana-ƙanana, har da na cikin foldojin da ke ƙarƙashi. Mutum ya nuna nasa da yatsa, a buga, ya tafi.

Oga ya ɗan ja baki. "Mutanen da suka yi wannan siston, da gangan suka hana shi nuna hoto haka," ya ce. "Wani hoto yana ɗauke da cuta, kafin ka taɓa shi ya riga ya buɗe."

"To ba a ɗakin zubarwa zai buɗe ba?"

"A nan ne."

"To ina matsalar?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ba matsala ga kwamfuta. Amma za ka riƙa ganin abin da ba ka tambaya ba."

Na ce masa ni aiki nake so ya yi sauri. Na rufe ɗakin asalin kamar yadda ya koya mini, na buɗe sabo, na sa katin memorin wayata. Hotunan yarana suka cika fuskar kwamfutar reras. Na ji daɗi ƙwarai a ranar, har na aika aka sayo mana gasasshiyar masara da Madam.

Aiki ya yi sauri kuwa. Abubuwan da ban nema ba su ma suka fara zuwa, amma ƙanana ne. Hoton ciwon da wani ya ɗauka a ƙafarsa don ya nuna wa likita, hoton budurwar wani wanda na san matarsa, hotunan haɗarin mota da mutane ke ajiyewa ban san don me ba. Na koyi tsayar da idona a kan yatsan mai nunawa, in bar sauran su wuce kamar motoci a titi.

Mai layin shagunanmu dattijo ne, abokin marigayi mahaifina tun suna samari a Anguwan Rogo. Baba nake ce masa, shi kuma 'yata yake ce mini, kuma don darajar mahaifina ya ba ni shagon a lokacin da mutane da yawa ke nema. Yana da farar kujerar roba a ƙarshen layin, nan yake wuni da carbi a hannu ɗaya, waya a ɗayan. Masu dako da direbobi sukan rusuna su gaishe shi. Daga bayan kujerarsa akwai ɗan lungu da ke kaiwa bayan shagunan, inda famfo yake, an kewaye shi da tsofaffin kwanuka. Nan mu mata muke alwala, nan masu tallar kayan miya ke wanke laka daga ƙafafunsu, masu goyo kuma su zauna a kan dutse su shayar da 'ya'yansu nesa da idon kasuwa.

Wata ranar Talata da hantsi Baba ya shigo shagona da kansa, abin da bai saba ba. An yi walimar saukar Alƙur'ani ta jikansa, yana son a wanke masa hotunan ya rataye a falo. Na tashi na ba shi kujerata, ya ce a'a, in zauna in yi aikina. Ya buɗe bayan wayarsa da farce ya ciro ɗan katin memori ya ajiye mini a tafin hannu. Katin da ɗumi. Na sa shi, ɗaki mai jan layi ya buɗe, hotuna suka fara zubowa.

Layin farko na walimar ne, tabarmi da manyan riguna da kulolin abinci. Daga nan sai launin ya sauya, ya koma na tsatsar kwano da jiƙaƙƙen siminti. Na gane famfonmu kafin in gane mutanen. Mata ne, kowace an ɗauke ta ba ta sani ba. Wata ta sunkuya tana wanke ƙafa, zaninta a tattare sama da gwiwa. Wata mai tallar karas ta buɗe ƙirji tana shayarwa, idonta a rufe don gajiya. Akwai na cikin kasuwa ma, mata sun duƙa kan kwandon tumatir, an ɗauko su ta baya, ba a ma damu da fuskokinsu ba. Na ga Madam, ta cire riga ta sama tana zuba ruwa a wuya ranar da aka yi zafi. Hotunan suna ta ƙaruwa, layi yana ture layi. Sai na ga wani shuɗin mayafi a rataye jikin ƙusa, da mace a tsugune ba ɗankwali tana shafar kai. Mayafin yana kafaɗata a lokacin da nake kallon hoton.

Yana tsaye a bayana. Ina jin numfashinsa da warin goro da turaren da yake shafawa. Sannan ya miƙo hannu ta saman kafaɗata, ya ɗora yatsa a kan layin sama.

"Waɗannan na walimar za ki wanke, 'yata," ya ce, da muryar da yake amsa gaisuwa da ita.

Hannuna ya kai kan maus na rufe ɗakin, don kawai in daina gani. Na zare katin. Ban iya sa masa a hannu ba, a kan tebur na ajiye na tura shi da bayan biro.

"Baba, a kai wani wurin," na ce.

Ya ɗauki katin a hankali, ya hura shi, ya mayar cikin wayar. "Yaran gida ne ke wasa da ita," ya ce. "Kin san yaran yanzu." Ya gyara hularsa ya fita, na ji wani mai dako yana gaishe shi a waje, yana amsawa da tambayar iyali.

So nake in wanke hannuna, in wanke fuskata, in wanke kafaɗar da hannun rigarsa ya goga. Na tashi zan nufi famfo, sai na tuna hotunan, na fasa. Na sayi ruwan leda a wurin mai shayi na tsuguna a bakin kwata, a gaban kowa, na wanke hannu har ruwan ya ƙare. Warin ruɓaɓɓen tumatir ya bugo ni, abin da na ci da safe ya dawo gaba ɗaya.

Madam ce ta fito ta riƙe ni, ta kai ni cikin shagonsu ta zaunar. Ta ɗauka ciki ne da ni, har ta fara zolaya. Da na gaya mata, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Ta tambaye ni wace riga ce a jikinta a hoton, na ce ja mai fararen furanni, tana rataye a kan kwano. Ta sa hannu biyu ta rufe ƙirjinta, alhali da riga a jikinta. Sannan ta juya wurin mijinta.

"Je ka buɗe kwamfuta ka fito da shi," ta ce. "Yau duk Farin Gada zai gani."

Oga ya tambaye ni ko na rufe ɗakin. Na ce na rufe. Ya tambaya ko na kwafe wani abu zuwa wani ɗakin kafin nan. Na ce ban kwafe ba. Ya zauna a kan wani tsohon firinta ya dafe kai.

"Babu shi," ya ce.

"Kamar yaya babu shi? Ba kai ne ka dawo da aikin yarinyar nan ba?"

"Wancan tsohon siston ne, yana barin sawu. Wannan ba ya bari. Don haka aka yi shi."

Madam ta zazzaga masa faɗa da yarensu, ban ji komai ba sai sautin. Duk da haka ya je ya gwada don ya kwantar mata da hankali, ya daɗe yana latse-latse, ya tashi hannu wayam. Na tsaya ina kallon fuskar kwamfutar, fes da ita, ba ko ɗigon abin da ya wuce ta cikinta. A lokacin ita ma na ji ƙyamarta.

Da na koma gida na gaya wa maigidana. Malamin makaranta ne, mutum mai sanyi, amma ranar sai da na tare ƙofa. Washegari ya ɗauki wani dattijo cikin masu shaguna suka je suka sami Baba a kujerarsa. Ban bi su ba, daga ƙofar shagona nake hange. Na ga Baba ya ciro wayar ya miƙa musu da hannu biyu. Sun daɗe suna dubawa. Da maigidana ya dawo ya ce babu komai a ciki sai hotunan walima da na wani fili da ake sayarwa. Ya ce Baba har hawaye ya yi, yana cewa yarinyar da ya ɗauka a hannunsa ranar sunanta ita ce yau za ta yi masa wannan ƙazafi. Dattijon da aka tafi da shi ya biyo baya ya tsaya a bakin shagona, bai shigo ba.

"Malama, a bi a hankali," ya ce. "Waɗannan na'urori suna haɗa hoton da babu shi. Kuma ke da kanki kika ce kin taɓa wani abu a cikinta kin sauya."

Na ce abin da na sauya yana nuna abin da ke cikin kati ne kawai, ba ya ƙirƙira. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama yanke hukunci, ya ce Allah ya rufa asiri, ya tafi.

Ranar Juma'a na je gaishe da Inna, mahaifiyata. Tana tsince shinkafa a tire na ba ta labarin. Ba ta ɗago ba har na gama. Ta tambaye ni ko na tabbata da idona, na ce na ga mayafina. Ta ci gaba da tsince-tsincenta, ta ware wata tsakuwa ta jefar.

"Mahaifinki bai taɓa barin sa ya wuce zaure ba," ta ce. "Duk amincinsu. In ya zo, a waje ake kai musu abinci. Ban taɓa tambayarsa dalili ba."

"Inna, kuma kika bar ni na kama shagonsa?"

"Na ce a raina ai ya tsufa," ta ce.

Madam ba ta jira dattawa ba. Ta bi matan da na iya ganewa ɗaya bayan ɗaya, tana jan su zuwa shagona. Wasu suka ce ba ruwansu, su kayan miya suka zo sayarwa. Wata ta ce ai tsoho ne, me zai yi da hoto. Mai karas ɗin ta saurare ni tana jijjiga goyonta, da na faɗi dutsen da take zama a kai da launin zanin goyon, sai ta kwance ɗan ta mayar da shi gaba ta rungume. Washegari ita ta fara kawo buhunan da aka juye albasa. Muka taru da allurar buhu muka ɗinke su muka lulluɓe kwanukan famfon ciki da waje. A nan ne muka ga ramin, daidai tsayin mutumin da ke zaune, a kwanon da ke kallon bayan kujerarsa. Gefen ramin ya yi santsi, an lanƙwasa bakinsa da kyau don kada ya yanki hannu. Madam ta cusa masa tsumman goge ƙasa, ta kira dattijon nan ta nuna masa. Ya duba ya ce tsohon kwano ai ba ya rasa rami.

Baba bai fasa zama a kujerarsa ba ko na rana ɗaya. Matan layin suka daina gaishe shi. Madam kuma kullum ta wanke kwanukan abincinta sai ta watsa ruwan ya gangara ƙarƙashin kujerar, shi kuwa ya ɗage ƙafa ya ci gaba da jan carbi. Maza dai ba abin da ya sauya. Waɗanda suka ji labarin da waɗanda ba su ji ba, duk suna rusunawa. Har na ji wani direba yana ba abokinsa labarin yana dariya, yana cewa tsohon da sauransa. Wannan dariyar ta fi tsaya mini a rai fiye da hawayen Baba. Na koma yin alwala a cikin shago da buta da roba, ƙofa a rufe.

Oga ya zo wata rana ya ce idan ina so ya mayar mini da tsohuwar manhajar, mai nuna hoto ɗaya-ɗaya, in huta da ganin abin da ba nawa ba. Na yi tunani na ce a'a. Abin da na yi shi ne na juya teburin, fuskar kwamfutar ta koma tana kallon mai shigowa da duk wanda ke layi a bayansa. Kuma kafin in sa katin kowa sai na faɗa masa.

"Duk hoton da ke ciki zai fito a nan lokaci guda. In sa?"

Mata galibi sukan ce in sa mana. Ɗalibai su yi dariya su ce in rufe ido. Amma maza da yawa, manya masu iyali, wasu da tabon salla a goshi, wasu da gicciye a wuya, sai in ga hannunsu ya dawo ya karɓe katin. Wannan ya ce ya tuna ba a nan hoton yake ba. Wancan ya ce bari ya je ya turo mini shi kaɗai ta waya. Ban san abin da ke cikin katunansu ba, wataƙila wasu ba komai ba ne sai sirrin gidansu, kuma suna da haƙƙin ɓoye shi. Sai dai duk lokacin da hannu ya dawo haka, nakan bi bayan mutumin da kallo har ya fita.

Da shekara ta zagayo Baba ya aiko ɗansa ya ce mini za su buƙaci shagon, za a zuba kayan gini. Ban yi musu ba. Oga ya kwance mini kwamfutar ya naɗe wayoyinta, Madam ta taya ni loda kaya a keke, tana ta zagin mai layin da ƙarfi yadda zai ji. Su ma ba su daɗe ba suka koma wajen unguwar Daɗin Kowa. Ni kuma na sami wani ɗan shago a Anguwan Rogo, kusa da gida, tsakanin wani tela da mai sayar da gawayi. Ɗalibai ba su da yawa a nan, aikin ya ragu, amma ina rufewa da wuri in tarar da yarana.

Na sake ganin Baba a bara, a sunan 'yar wata 'yar uwarmu. Mata sun cika tsakar gida, ana ta raba waina, mai jego tana zaune a ƙofar ɗaki an buɗe mata labule don iska. Sai aka yi sallama aka ce Baba ne zai shigo ya sa wa jaririya albarka, mata suka gyara mayafi suka buɗa masa hanya. Ya ƙara tsufa, da sanda yake tafiya. Ya tsaya a tsakiyar gidan yana addu'a, kowa ya ɗaga hannu. Wayarsa tana aljihun gaban rigarsa, an sa ta a tsaye, idon kyamarar ya leƙo ta saman aljihun. Ban san ko a kunne take ba. Na tashi na je na saki labulen ɗakin mai jego, na tsaya a gaban labulen har Baba ya shafa addu'a ya fita. Wata gwaggonmu ta ce me ya same ni nake tsaye ƙiƙam kamar soja. Na ce kaina ke ciwo. Aka zubo mini waina da miyar taushe a kwano, na ce a ba yara, na ɗauki jakata na tafi gida.